Daga Gafaka Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Kundin Marubuci da Cijewar Alƙalami



Duk wanda ya taɓa bibiyar littattafan hikaya na Hausa ya san takaicin nan na kaiwa shafin ƙarshe, labari ya ɗauko daɗi, sai marubuci ya yanke shi, ya ce a tare shi a littafi na biyu. Wani lokaci na biyun kan fito bayan 'yan makonni. Wani lokaci kuwa sai a yi ta sintiri wajen mai sayar da littattafai, wata ya wuce, shekara ta zagayo, har makarancin ya haƙura. Dalilan suna da yawa: rashin kuɗin ɗab'i, rashin lafiya, hidimar gida, ɓatan rubutun, ko rasuwar marubucin. Amma akwai dalili guda da marubuta ba su cika son faɗa ba, shi ne alƙalami ya cije. Mutum ya zauna da takarda a gabansa, labarin da jiya yake gudu kamar ruwan kwata, yau ko jumla ɗaya ta ƙi zuwa.

Wannan maƙala za ta bi tarihin yadda marubutan ƙasar Hausa suka riƙa tanadin abin rubutu da adana shi, tun daga gafakar malaman zaure har zuwa wayar da ke hannun matasan Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi a yau, domin mu ga me wannan tarihi ya ce game da maganin cijewar alƙalami.

Ciwon da sunansa

A ƙasashen Turai da Amurka wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan asalin Ostiriya mai suna Edmund Bergler, wanda ya yi hijira zuwa birnin New York, shi ya raɗa wa wannan hali sunan da Turawa ke kiran sa da shi, a shekarar 1947, sunan da ke nufin toshewar marubuci. Shi Bergler ya ɗauki abin a matsayin ciwon da ke can cikin zuciya. Daga baya wani malamin jami'a a Kalifoniya, Mike Rose, ya yi nazarin ɗalibai masu fama da matsalar, ya fitar da littafi a 1984. Abin da ya gano ya fi kusa da abin da muke gani a tsakaninmu: yawancin masu cijewa mutane ne da suka ɗaure kansu da ƙa'idoji masu tsauri, suna son jumlar farko ta fito ba aibu, suna gyara tun kafin su rubuta. Wato suna son su yi shuka da girbi a rana ɗaya.

Malaman Musulunci kuwa sun daɗe da lura da ɗaya ɓangaren matsalar, wato saurin gushewar tunani. Ibnul Jauzi, malamin Bagadaza da ya rasu a 1201, yana da littafi mai suna Saidul Khaɗir, ma'ana farautar abin da ya ɗarsu a zuciya. Dalilin rubuta shi ke nan: ya ga tunani mai kyau kan zo masa ya wuce, ya neme shi ya rasa, sai ya ɗauri aniyar kama kowanne a takarda da zarar ya gifta. Wannan shi ne tushen abin da Bahaushe ke kira kundi.

Kundi da gafaka

A wajen malaman zaure, kundi tarin fallayen takarda ne da malami ke zuba duk wata fa'ida da ya ci karo da ita: mas'alar da ya ji a bakin malaminsa, baitin da ya burge shi, laƙanin magani, ranar rasuwar wani babba, shekarar da aka yi fari ko fara. Ba a ɗinke shi, ana sa shi tsakanin tadarishi biyu, a ɗaure, a zura a gafaka ta fata, a rataye nesa da gara da ɗigar ruwan sama. Takardar kanta ba ta arha ba ce. A ƙarni na 19 yawancinta daga Italiya ake ƙero ta, mai tambarin jinjirin wata uku a jikinta, fatake su ratso Sahara da ita ta Tarabulus zuwa Kasuwar Kurmi. Tawada kuwa a gida ake haɗa ta da gawayi da ƙaro, alƙalami na kara ne. Wanda ya san wahalar da takarda ta sha kafin ta iso hannunsa ba zai bar ko gefenta ba rubutu ba, shi ya sa ake ganin tsofaffin littattafai cike da sharhi a gefe da gefe.

Da yake fallayen a warwatse suke, masu kwafa suna da wata dabara: a ƙasan kowane falle sukan rubuta kalmar da falle na gaba zai fara da ita. Ko iska ta watsa takardun, ana iya mayar da kowace mazauninta. Mai karatu ya riƙe wannan dabara, za mu koma kanta.

Misalin amfanin irin wannan tanadi shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Wajen shekarar 1807 ya bar rundunar jihadi da nufin tafiya gabas, ya yada zango a Kano, mutanen gari suka roƙe shi ya rubuta masu abin da za su yi mulki da shi, ya rubuta Liya'ul Hukkami. Matafiyi ne, ba ya cikin ɗakin karatunsa, amma abin da ya tara a ka da a takarda ya ishe shi. A 1813 kuma ya tattara waƙoƙin da ya yi a lokuta daban-daban, ya jera su, ya yi bayanin dalilin kowace, ya fitar da Tazyinul Waraƙati, wanda a yau yake cikin manyan madogaran tarihin jihadin. Da bai adana waɗancan waƙoƙi ba, da babu littafin. Haka nan rubuce-rubucen Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, sun tsira ne saboda zuriyarta a gidan Wazirin Sakkwato sun riƙe takardun fiye da ƙarni guda, har Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara su suka buga a 1997.

Sai dai kundi yana da rauni guda: sau da yawa kwafi ɗaya ne tak. An ruwaito cewa Imamu Gazali, a hanyarsa ta komawa garin Ɗus daga neman ilimi a Jurjan, 'yan fashi sun ƙwace jakar da ke ɗauke da duk abin da ya rubuta. Ya bi shugabansu yana roƙo, shi kuwa ya yi masa dariya, yana mamakin ilimin da ke tafiya idan an ɗauke jaka. An mayar masa, ya shafe shekara 3 yana haddace abin da ke ciki. Darasin da ya ɗauka shi ne ya yi wa iliminsa ma'ajiya ta biyu.

Wata shida a Zariya

Da boko ya shigo, sai labarin ya ɗauki sabon salo. A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. A 1936 East ya sa aka ɗauko Imam daga Makarantar Midil ta Katsina, inda yake koyarwa, aka kawo shi Zariya. Cikin kimanin wata 6 ya rubuta Magana Jari Ce, littattafai uku, yana ɗan shekara 25.

Mutane kan ji wannan su ce ai baiwa ce, kuma ba shakka baiwar tana nan. Amma a duba yadda aka tsara aikin. An tara wa Imam littattafan labarai na Larabawa da Indiya da Turai, ga kuma abin da ya taso da shi na tatsuniya da karatun gidan malamai, kasancewarsa ɗan alƙali. Nazarin da Farfesa Ibrahim Malumfashi da wasu suka yi ya nuna yadda ya ɗauki ƙashin labarai daga irin su Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus, ya tufatar da su da rigar Hausa har ba a gane baƙi ne. Sannan ya yi wa aikin firam, wato aku mai ba da labari, ta yadda kullum ya san ramin da zai cike gobe. Bai taɓa wayar gari da farar takarda da wofin kai ba. Kayan gini suna jibge kafin magini ya iso. Hasali ma tarihin rayuwarsa, wanda bai ga fitowarsa ba domin ya rasu a 1981, daga takardun da ya bari ne Abdurrahman Mora ya shirya shi aka buga a 1989.

Mawaƙa ma haka. Waƙoƙin Sa'adu Zungur sai da Ɗandatti Abdulƙadir ya bi ya tattara su, na Alhaji Aƙilu Aliyu kuma Ɗalhatu Muhammad ya shirya su a Fasaha Aƙiliya. Ko da yaushe akwai wani mai tarawa a bayan abin da ya tsira.

Zamanin littafin 'yan makaranta

A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga littattafan da suka ci gasarsa, cikinsu har da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Amma bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta, aka bar mai hikaya da rubutunsa a hannu. Matasan Kano ba su tsaya jira ba, suka fara buga abinsu da kuɗinsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, ga su Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Bala Anas Babinlata da Ɗan'azumi Baba. Jerin da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka wallafa a 2004 ya ƙunshi littattafai sama da 700 da suka fito tsakanin 1987 da 2002.

Kundin wannan zamani shi ne littafin rubutu na 'yan makaranta da biro. A cikinsa ake rubuta labarin, kuma kafin ya je maɗaba'a yakan zaga hannun ƙawaye da 'yan ajinsu da matan gida. Wannan zagaye yana da amfani biyu. Na farko, masu karantawa su ne ke tsikarar marubuciya da tambayar ina ci gaba, su kawo shawarar yadda za a yi da kishiya ko wanda ya kamata ya auri yarinyar. Na biyu, ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya sun zama wurin duba rubutun juna. Wanda alƙalaminsa ya tsaya yana da inda zai kai kukansa.

Amma tsarin kasuwar shi ma yana haifar da cijewa. Ana raba labari kashi biyu ko uku ne domin kuɗin na ɗaya ya buga na biyu. Sau da yawa marubuci kan saki na ɗaya alhali bai san ƙarshen labarin ba. In ya karɓu, ga dillalai suna matsa masa, ga wasiƙun makaranta, ga tsoron kada na biyu ya kasa na farko. A bayan littattafan a kan jera sunayen masu fitowa nan gaba, kuma ba duka ne suka ga hasken rana ba. Ga kuma tsohon raunin nan na kwafi ɗaya: littafin rubutu ya tafi aro bai dawo ba, ko yaro ya yage shi, ko damina ta same shi a ƙarƙashin katifa.

Wannan haɗari bai bar manya ba. A 1957 Chinua Achebe ya aika da kwafinsa ɗaya tilo na Things Fall Apart, rubutun hannu, zuwa wani kamfanin buga tafireta a Landan, aka yi watanni shiru, sai da shugabarsa a gidan rediyo, Angela Beattie, ta je da kanta ta karɓo. Ralph Ellison na Amurka kuwa, bayan littafinsa na farko a 1952, gobara ta cinye wani sashe na rubutun na biyu a 1967, ya ci gaba da fama da shi har ya rasu a 1994 bai kammala ba. Ɓatan rubutu da cijewar alƙalami 'yan uwan juna ne, domin sake rubuta abin da ka riga ka rubuta ya fi rubuta sabo ɗaci.

Titin Zoo da zamanin filofi

Daga tsakiyar shekarun 1990 kwamfuta ta fara maye gurbin tafireta a Kano. Wanda ya san Gyaɗi-Gyaɗi da Court Road da Titin Zoo a wancan lokaci ya san shagunan buga takardu, inda ake kai rubutun hannu a biya kuɗi bisa yawan shafi. A Titin Zoo ɗin ne kuma ofisoshin 'yan fim suka yi sansani, kuma da yawan marubutan hikaya sun karkata can suna rubuta labarin fim, abin da shi ma ya bar wasu littattafai a rataye. Matsalar haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda a zamanin tafireta sai an bi da biro ana lanƙwasa su, ta samu sauƙi da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro haruffan kwamfuta da ya sa wa suna Rabi'at da Abdalla.

Sabuwar gafaka ita ce filofi, ɗan faifan da bai kai cin megabayit ɗaya da rabi ba, wanda ƙura da zafin Kano ke lalatawa ba sallama. Bayansa filas ya zo, ya zo da nasa ciwon na kwasar cutar kwamfuta daga wannan shago zuwa wancan. Ga NEPA, wadda kan ɗauke wuta ana tsakiyar shafi. A ƙa'ida kwamfuta ta kawo damar yin kwafi goma, amma a aikace yawancin marubuta ba su da tasu, rubutunsu yana zaune ne a na'urar mai shago. Ranar da ya goge ta ko ya sayar, shi ke nan. Da wayar salula ta shigo a 2001, kuma shagunan intanet suka yawaita, masu wayo suka gano wata dabara mai sauƙi: ka aika wa kanka da rubutunka ta imel. Wannan ne karo na farko da marubucin Hausa ya ajiye kundinsa a wurin da gara da gobarar gidansa ba za su kai ba.

Waya da rumbun intanet

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Google Docs ya fito a 2006, Evernote a 2008, Google Keep a 2013. Duk aikinsu ɗaya ne a taƙaice: ka rubuta a waya, kwafi ya tafi rumbun kamfanin, in wayar ta faɗa ruwa ko ta haɗu da masu ƙwace, ka sa imel ɗinka da kalmar sirri a wata, kayanka su dawo. Suna karɓar murya da hoto, ana kuma iya neman kalma ɗaya a cikin dubban bayanai. Yau matashiyar da ke cikin A Daidaita Sahu daga Unguwar Gano zuwa Asibitin Malam Aminu Kano tana iya kama zancen da ta ji wasu mata biyu na yi, kafin ta sauka ya shiga kundinta. Farautar da Ibnul Jauzi ya yi da tawada ke nan, ta koma ta babban yatsa.

Yawancin hikayoyin Hausa yanzu a waya ake rubuta su, ana sakin su shafi-shafi ta WhatsApp da Facebook da Wattpad, gasa irin ta Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 kuma ta ƙara wa mata ƙaimi. Sai dai tsohon matsin nan na littafi na biyu ya dawo da ƙarfinsa: da a wata ake jira, yanzu kullum ake jira, wani lokaci ma an riga an biya kuɗin karatu. Mai sakin labari yau da abin da ta rubuta yau, ranar da kanta ya toshe ba ta da mafaka.

Kuma rumbun intanet gidan haya ne. OkadaBooks, wanda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, inda marubutan Hausa da dama suka riƙa sayar da littattafansu, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. A Disamban wannan shekara Evernote ya taƙaita masu amfani da shi kyauta ga bayanai 50 kacal, Google kuma ya fara aiki da ƙa'idar da ta ba shi damar goge asusun da aka yi shekara 2 ba a taɓa ba. Wanda ya manta kalmar sirrinsa, ko layin da ya yi rajista da shi ya ɓace, yana iya tsayawa a ƙofar kundinsa kamar yadda Gazali ya tsaya a gaban 'yan fashi.

Abin da za a ɗauka

In aka jera waɗannan zamunna, abu guda ne ke maimaita kansa: waɗanda suka yi rubutu mai yawa, suka kuma kammala, mutane ne da suka raba lokacin tarawa da lokacin ginawa. Saboda haka ga marubucin da alƙalaminsa ya cije, tarihi yana ba da shawarwari huɗu.

Na ɗaya, ka buɗe kundi, a takarda ko a waya, ka riƙa zuba masa karin magana, sunaye, zancen kasuwa, siffar wani gida, ba tare da ka damu da kyan jumla ba. Ranar da labari ya tsaya, kundin za ka buɗe. Na biyu, ka yi wa labarinka firam kamar na Imam, ka san ƙarshensa ko da a layi biyar ne kafin ka saki farkonsa, kuma ka riƙa gaban makarantanka da 'yan shafuka. Na uku, ka ari dabarar masu kwafar ajami: kada ka tashi daga rubutun yau sai ka ajiye jumlar da gobe za ka fara da ita. An san Ernest Hemingway da irin wannan ɗabi'a ta tsayawa a inda ya san abin da ke biye. Na huɗu, kada rubutunka ya kwana a wuri ɗaya. Kwafi a waya, kwafi a imel ko rumbun intanet, in an kammala kuma a buga a takarda a ba wani amintacce, a rubuta kalmar sirri a inda iyali za su same ta.

Takardun Nana Asma'u sun haura shekara 150 domin an samu masu riƙewa. Nauyin da ke kan marubutan yau shi ne su tabbata abin da suke rubutawa a waya ya samu masu riƙe shi, kuma makarancin da aka ce ya jira kashi na gaba bai yi jiran gawon shanu ba.

Allah ya buɗa mana basira, ya sa mu gama abin da muka fara. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.